Yadda nake zama da ƙarin mahaifa

Shekara biyu ina shan azabar al'ada ina cewa haka jikina yake, sai da hoton sikanin ya nuna ƙari uku a mahaifata, irin wanda likitoci ke kira fibroid. Mu baƙaƙen mata ya fi kamawa, kuma da wuri. Wani binciken Amurka na 2003 ya gano sama da kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen mata suna samunsa kafin su cika shekara 50.

Fara da ɗan littafi, 'yar'uwa. Rubuta kwanakin jinin da yawan audugar da kika canza. In ya wuce kwana 7, ko kina jiƙa auduga duk awa, je ki ga likita, ki nemi a gwada jininki. Ni har ƙanƙara nake taunawa, ashe ƙarancin jini ne. In an ba ki ƙwayar ƙarin jini, kada ki kora ta da shayi, yana hana ta shiga jiki sosai.

Ciwon mara kuwa, robar ruwan ɗumi da ɗan tattaki suna sassauta mini.

Ranar asibiti tafi da wata. Yayata ce ta tambayo ko ana iya cire ƙarin a bar mahaifa, lokacin da kuka ya hana ni magana. Likita ta ce ana iyawa.