Darasi na Tara: Wannan Kuɗin Zai Rabu Ko Ba Zai Rabu Ba?

Ƙungiyar manoma a wani ƙauye kusa da Gumel ta kai riɗi kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Da aka cire kuɗin mota da na dako, ribar ta tsaya a naira 27,720. Kafin a zauna rabo, ana iya sanin mutum nawa kuɗin zai raba daidai ba tare da ragowa ba. Lambar da kanta za ta faɗa.

Fara da duba ƙarshenta. Lambar da ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 cika ce, biyu na raba ta. Sauran mara ne. Tamu ta ƙare da sifili, don haka 2 da 5 da 10 duk suna raba ta. Wannan ko yaro mai tallan gyaɗa ya sani.

Gwajin uku da tara ne ɗalibai suka fi mamaki. Haɗa alƙaluman ɗaya bayan ɗaya: 2+7+7+2+0. Ka samu 18. Tunda 3 da 9 suna raba 18, suna raba 27,720 ma. Lambar da 2 da 3 suka raba kuwa, 6 na raba ta. Don 4, dubi alƙaluma biyu na ƙarshe, 20. Don 8, uku na ƙarshe, 720. Duka sun rabu. Bakwai tana da tata dabarar, amma wahalarta ta fi amfaninta. Raba kawai, kowa ya tashi da 3,960.

Ga sha ɗaya: haɗa alƙalami na farko, na uku da na biyar (2+7+0), sannan na biyu da na huɗu (7+2). Tara da tara, babu bambanci, ta rabu ke nan.

Me ya sa lambar take da sauƙin kai haka? Farfasa ta: 2×2×2×3×3×5×7×11. Waɗannan su ne tubalanta, lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu. Za mu kira su gagara-rabo. 27,720 kuwa ita ce mafi ƙanƙantar lambar da kowace lamba daga 1 zuwa 12 ke rabawa, kuma masu raba ta 96 ne. Ko a rabon gado ba ta ba malam wahala: tumuninta 3,465, sudusinta 4,620.

Amma ba kowa take yi wa biyayya ba. Ƙananan hukumomin Kano 44 ne, kowace za ta samu 630 cif, domin 44 ita ce 2×2×11. Na Jigawa 27 ne, wato 3×3×3, alhali sau biyu kawai 3 ta fito a tubalan 27,720. Kowace ta samu 1,026, saura 18.

Aiki: ma'aji ya tsinci naira ɗaya a ƙasan jaka, kuɗin ya koma 27,721. Raba shi da kowace lamba daga 2 zuwa 12, za ka ga kullum ɗaya na saura. Kada ka yi saurin kiransa gagara-rabo. Gwada 13, gwada 17, sannan 19, ka rubuta a littafinka wadda ta raba shi da abin da kowa zai samu.