Yadda ake gano inda iska ke rikicewa a jikin kon (siffa mai tsini kamar mazurari) a gudun Mach 6, wato ninki shida na gudun sauti

Na ɗauka ka san lambar Reynolds (lambar da ke nuna ko iska za ta gudana a natse ko a hargitse), kuma an ba ka lokaci a bututun gwajin iska. Abin da muke nema shi ne wurin da siririyar iskar da ke manne da jikin kon take daina gudu a natse ta shiga hargitsi. Daga nan zafin da ke shiga jiki kan ninka sau 3 ko fiye, shi ya sa masu ƙera rokoki ba sa wasa da shi.

Da farko, samfurin. Ka ɗauki kon mai rabin kusurwa digiri 7, wato kusurwar da ke tsakanin layin tsakiyarsa da gefensa. Kada ka ƙirƙiro naka, domin yawancin bayanan da za ka gwada naka da su a kan wannan siffa aka tara su, har da na rokar gwaji ta HIFiRE-1 da aka harba daga Woomera ta Ostireliya a 2010. Ka auna kaifin tsinin da madubin ƙara girma, ka rubuta. Tun gwaje-gwajen mai bincike Kenneth Stetson aka san dakushe tsini kaɗan yana tura rikicewar baya, amma in ya yi yawa sai ta dawo gaba. Ka shafa mahaɗar tsini da jiki da farce. In farce ya tsaya, ka gyara.

Na biyu, ka san bututunka. A bututu na yau da kullum, hayaniyar bango tana sa iskar rikicewa da wuri. Irin na Jami'ar Purdue a Amurka, mai Mach 6, an gina shi don rage wannan hayaniya. Samun layi a irinsa sai haƙuri, to ka yi da wanda kake da shi, amma ka auna hayaniyarsa ka faɗa.

Na uku, daidaita kon da iska. Nan ne sababbin ɗalibai suke faɗuwa, kusan dukansu. Mutum zai ɗora ma'aunin karkata a kan samfuri, ya ga sifili, ya ce an gama. Ba a gama ba! Ma'aunin ya daidaita kon da ƙasa ne, ita kuwa iskar bututu ba lallai ta bi wannan layi ba. Karkatar da ba ta kai digiri guda ba ta isa ta sa gefe ɗaya ya rikice da wuri, ɗayan a makare.

Ga abin da za ka yi. A wannan gudu, abin da ke jawo rikicewa a kon mai kaifi shi ne igiyar Mack ta biyu, wadda masani Leslie Mack ya bayyana: sauti ne da ke maƙale cikin siririyar iskar, yana kaɗawa sau dubbai ɗari-ɗari a daƙiƙa. Tsawon igiyar ya kai kusan ninki biyu na kaurin iskar. Saboda haka iska in ta yi siranta, saurin kaɗawar ya ƙaru. In ta yi kauri, ya ragu. Sai ka dasa na'urorin auna matsi na PCB 132 guda 4 a zagaye, nisansu ɗaya daga tsini: sama, ƙasa, dama, hagu. Ka kunna bututu, ka duba saurin kaɗawar da ta fi ƙarfi a kowace. Gefen da ya fi saurin kaɗawa shi ke fuskantar iska. Ka juya kaɗan, ka sake. Sai huɗun sun zo daidai za ka ci gaba. Wannan zai cinye maka gwaji da yawa, mai kula da kasafi zai yi tsaki, ka ƙyale shi. Masu sa na'ura biyu don tsimi sun gyara sama da ƙasa ne kawai, sun bar dama da hagu.

Saura mai sauƙi ne. Ka ɗauki hoton zafi da kyamarar infrared a kan samfurin robar PEEK; na fi son ta a kan fentin auna zafi, wanda ke ƙara kaushi. Ka bar samfuri ya huce tsakanin gwaji, don zafin jikinsa ya zama ɗaya a kowane gwaji, tunda sanyin jikin yana ƙarfafa igiyar Mack ta biyu. Ka zana zafi bisa nisa, ka nuna inda ya fara tashi da inda ya kai ƙololuwa, ka bayyana wanne kake kira wurin rikicewa. Sannan ka maimaita da matsi daban-daban.