Kafin ka sayi injin zuba bidiyo a faifai

Samarin da ke son buɗe shagon zuba bidiyon biki a faifai nan Damagaram kan tambaye ni wane inji za su saya. Ni da rikicin HD DVD da Blu-ray nake auna abin, wato nau'ukan faifai biyu da suka yi takarar maye gurbin DVD.

Fara da wannan: injin zai ci gaba da yi maka tsohon aikinka? Da Toshiba ta fito da HD DVD a 2006, ta ƙera shi kamar DVD: faranti biyu na roba, kowanne kaurin milimita 0.6, a manna su, bayanan na tsakiya. Masana'antar da ke da injunan DVD gyara kaɗan za ta yi, ta buga sabon faifai, in oda ta ƙare ta koma kan tsohon. Blu-ray na su Sony da Panasonic kuwa, bayanansa dab da fuska suke, rufin milimita 0.1 kacal, har sai an shafa masa abu mai tauri don kada ya karce. Wannan sai da sababbin injuna masu tsada, ga faifai da yawa na lalacewa wajen bugawa a farkon lokaci. Abin da aka samu a madadin shi ne wuri: gigabayit 25 a shimfiɗa ɗaya, HD DVD na da 15. To kai ma ka nemi inji mai zuba Blu-ray da DVD da CD duka. Mafi yawansu suna yi, amma kada ka biya sai mai sayarwa ya gwada kowanne a gabanka.

Sai lissafin ɓarna, wanda yara ke tsallakewa kuma yana ba ni tausayi. Kuɗin faifai ɗaya ba shi ne abin da ka biya a Kasuwar Dole ba. In wuta ta ɗauke ana cikin zubawa, wannan faifan ya tafi, kuma fanko na Blu-ray ya fi na DVD tsada. Haɗa kuɗin waɗanda suka lalace, ka raba kan masu kyau. Sayi batirin riƙe wuta tun ranar farko, ka rufe injin da ƙyalle lokacin hunturu saboda ƙura.

Tambayar da ta fi nauyi: da me mai biki zai kalla? HD DVD ya fi arhar ƙerawa, duk da haka ya faɗi. Sony ta sa Blu-ray cikin na'urarta ta wasan bidiyo, PlayStation 3, ya shiga gidaje da yawa. A Janairun 2008 Warner mai shirya fina-finai ta koma Blu-ray kaɗai, a watan Fabrairu Toshiba ta janye. Saboda haka zaga Birni da Zongo, ka tambayi masu kawo maka aiki abin da ke ƙarƙashin talabijin ɗinsu. In DVD ne, ko kuma a waya suke son bidiyon, ajiye kuɗin Blu-ray tukuna ka ƙara wa kwamfutarka ma'aji.