Yadda Za Ka Gane Ƙaramar Bindigar Roba Da Zamaninta Daga Hoto

Idan kai ɗan jarida ne, ko marubucin labari, ko mai shirya fim, wata rana hoton ƙaramar bindiga zai zo gabanka, a ce ka faɗi ko wace iri ce. Ni aikina tace labarai da hotuna ne, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake rubuta “bindigar roba wadda na'urar bincike ba ta gani”. Ga yadda nake bin hoton tun daga sama har ƙasa.

Fara da raba bindigar gida biyu da idonka. Sashen sama, wato murfin da ke ja da baya idan an harba, da bututun da ke cikinsa, ƙarfe ne zalla. Sashen ƙasa, inda mariƙi da zoben kunama suke, shi ne na roba, kuma nailan ne mai ƙarfi da aka zuba a mazubi. Duba tsakiyar mariƙin ko ƙarƙashin zoben, za ka ga siririn layi inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu. Bindigar ƙarfe kuwa, irin su Beretta 92 ko Browning Hi-Power, za ka ga faifai biyu na katako ko roba an ɗaure su da kusoshi a gefen mariƙi. In ka ga kusoshin nan, yawanci jikin ƙarfe ne ko alminiyam.

Daga nan ka kalli bayanta. In akwai ’yar guduma a tsaye, tsohon tsari ne, ko da jikin na roba ne, kamar USP ta kamfanin Heckler & Koch ta 1993. In bayan a shafe yake, to allura ce mai sifirin a ɓoye a ciki ke bugun harsashin, kuma nan ne dangin Glock, bindigogin wani kamfanin Ostiriya, suke.

Mutane da yawa suna zaton Glock ce ƙaramar bindiga ta farko mai jikin roba. A'a. Heckler & Koch na garin Oberndorf a Jamus ne ya fitar da VP70 a 1970, mai ɗaukar harsashi 18. Kunamarta ta yi tauri ƙwarai, ba ta samu kasuwa ba. Da wuya ka gamu da ita yanzu, amma in ka ga bindiga mai faɗin murfi da babban zoben kunama an rubuta VP70, ka san kana kallon ta fari. Kafin ita ma, Remington ya yi doguwar bindigar Nylon 66 a 1959.

Wanda ya sa robar ta karɓu shi ne Gaston Glock. Ya kafa kamfaninsa a 1963 a Deutsch-Wagram kusa da Biyana, babban birnin Ostiriya, yana yin sandunan labule, daga baya wuƙaƙe da sauran ƙananan kaya ga sojojin Ostiriya. Bai taɓa ƙera bindiga ba. Da sojojin suka nemi abin da zai gaji Walther P38 a 1980, sai ya tara masana ya zo musu da Glock 17, suka ɗauke ta da sunan P80. Ni a ganina rashin gadon ƙirar bindiga ne ya taimake shi: ya san roba da mazubi, bai ga dalilin sassaƙa jiki daga dunƙulen ƙarfe ba. Sassanta talatin da ’yan kai ne kacal, tana cin harsashi 17, nauyinta da gidan harsashi babu komai kusan giram 700, alhali Beretta 92 ta haura giram 900.

Yanzu sai gane zamanin Glock, wato ko ƙira ta nawa ce, kuma mariƙi ne ke faɗa maka. Ta farko, jikin mariƙin duka ɗan garje-garje ne mai laushi, babu ado. Ta biyu, daga 1988, an yi mata zane mai kaushi gaba da baya. Ta uku, daga 1998, ita ce mai gurbin yatsu a gaban mariƙi, da tsagi a ƙarƙashin bututu na ɗaura tocila. Ta huɗu, daga 2010, tana da gurbin yatsun, amma bayan mariƙin ana iya ƙara masa faifai don ya dace da girman hannu, kuma an buga Gen4 a murfin. Ta biyar, daga 2017, an cire gurbin yatsun, an buɗa bakin da gidan harsashi ke shiga. A nan ake yawan ruɗewa: ta biyu da ta biyar duk ba su da gurbin yatsu. Duba tsagin tocila. In akwai, ta biyar ce. Mai shirya fim da labarinsa ya faru a 1990, kada ya ba ɗan wasa bindiga mai tsagin nan.

Kada kuma ka kira duk baƙar bindiga mai kusurwa Glock. Alamarta tana gefen hagu na murfi, babbar G da sauran haruffan a cikinta, kuma kunamarta na da ɗan harshe a tsakiya. Sigma ta Smith & Wesson ta 1994 ta yi kama da ita har Glock ya kai ƙara, aka sasanta a 1997. Springfield XD, wadda asalinta HS2000 ce ta Kuroshiya, tana da ɗan maɓalli a bayan mariƙi da tafin hannu ke dannawa. Walther P99 ta 1997 ta riga Glock kawo bayan mariƙi mai sauyawa.

Lambar rajista ma tana da labari. A Glock, an dasa ’yar farantin ƙarfe mai lambar a cikin robar, ƙarƙashin bututu. A SIG P320 ta 2014, wadda sojojin Amurka suka zaɓa a Janairun 2017 a madadin Beretta M9, lambar tana kan ƙashin ƙarfe na ciki, ana hango ta ta wata ’yar taga a gefen jiki. Robar a nan kamar riga ce, a tuɓe a sa wata.

Batun na'urar filin jirgi kuwa, ya samo asali ne a 1986, lokacin da aka rubuta a jaridun Amurka cewa Gaddafi na Libiya na neman sayen Glock saboda wai ba a ganinta. Hayaniyar ta kai ga dokar 1988 da ta hana ƙera bindigar da na'ura ba za ta gano ba. Dokar ba ta taɓa Glock ba, domin mafi yawan nauyinta ƙarfe ne, kuma siffarta na fitowa sarai a allon na'ura. In wakilinka ya kawo maka jimlar nan ta bindigar da na'ura ba ta gani, ka goge ta, ka sa sunan kamfani da lambar samfurin da ke rubuce a murfin.