Kalmar "detach" da inda ake amfani da ita

'Yan'uwa masu koyon Turanci, ga wata kalma da ke yawan fitowa a fom da takardun banki: "detach". Ma'anarta a cire abu daga jikin wanda yake manne da shi, ba tare da an lalata ko ɗaya ba. Kishiyarta ita ce "attach", wadda kuka saba gani idan za ku liƙa takarda a imel.

Idan fom ya ce "detach this slip", ana nufin ka yage ɗan guntun da ke ƙasa, ta kan layin nan mai ɗigo-ɗigo. In za a faɗi inda aka cire abin, "from" ake sa wa: "detach the trailer from the lorry", wato a kwance tirela daga jikin mota. Na sha jin ana sa "with" a nan, kuskure ne.

Kada ku ɗauki kalmar "detach" ku kai wa wutar lantarki ko intanet. Can "disconnect" ake cewa. Mutum kuwa idan aka ce masa "detached", ana nufin ya ja jikinsa, bai sa abin a ransa ba.