Ga masu koyon Ingilishi: zancen zaɓen kyauta

Ƴan'uwa, ga wata ƴar dabara.

In kana so ka ce ka iya zaɓen kyauta, ce "I'm good at choosing gifts". Haddace jimlar ɗungurungum, ya fi bin ƙa'ida sauri.

In kuwa irina ne, wanda ya taɓa kai wa gwaggo tsarabar turaren da ke sa ta atishawa, sa "bad" a wurin "good".

Mu nan Maradi Faransanci ke ruɗa mu. Mun saba da "bon en", sai bakinmu ya kai ga "good in". Riƙe "at", kuma aikatau (kalmar aiki) na bayanta ya ƙare da "ing", kamar "choosing".

Amma in zancen iya zama da yara ne, "at" ba ta shiga. "With" ake sawa.