Yadda ɗalibi zai zama malamin jami'a a fannin ba da shawara da kula da jama'a

Ɗalibin da ya samu bak, wato shaidar gama sakandare, kuma yake burin wata rana ya koyar da masu ba da shawara da ma'aikatan jin daɗin jama'a, ya kamata ya san cewa karatun zai ci aƙalla shekaru 8: lisans 3, masta 2, sannan digirin dokta 3, wanda a aikace yakan ja fiye da haka. Zai iya farawa daga sashen ilimin halayyar ɗan Adam ko na zamantakewa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko daga tsangayar ilimin koyarwa ta Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa.

Abin da na fi so a riƙe shi ne kada karatu ya raba mutum da jama'a. Tun daga lisans, ya nemi gurbin koyon aiki a asibiti, ko makarantar sakandare, ko ƙungiyar da ke kula da marayu da ƴan gudun hijira, ya kuma riƙa rubuta abin da ya gani kowace rana ba tare da sunan kowa ba, domin sirrin mai neman shawara amana ce. Wanda ya taɓa zama a kan tabarma da uwar da aka cire ɗiyarta daga aji, ya ga yadda take murza bakin mayafinta kafin ta iya buɗe baki, shi ne zai iya koya wa ɗalibai haƙurin saurare. A nan ne kuma zai gane cewa darasin da ya ɗauka da Faransanci sai ya mayar da shi Hausa ko Zabarmanci kafin ya amfani kowa, kuma hakan ba ƙaramin aiki ba ne.

Daga littafin da yake rubuta abin da ya gani ya kamata batun binciken masta ya fito. Ya zaɓi malamin da zai duba aikinsa bisa la'akari da lokacin da yake ba ɗalibansa, ya kuma riƙa halartar laccocin cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, inda ake tattauna yadda ma'aikata ke hulɗa da talakawa.

Bayan dokta, sai ya jira jami'a ta buɗe gurbin ɗaukar malamai. Ƙarin girma kuwa yana bi ta hannun CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, mai hedikwata a Wagadugu, wadda ke tantance malamai daga matakin maître-assistant zuwa maître de conférences har zuwa cikakken farfesa. Tana duba maƙalun da mutum ya wallafa, da darussan da ya koyar, da ɗaliban da ya jagoranta, saboda haka ya fara aika maƙala ga mujallu tun yana rubuta kundinsa, ya kuma adana kowace takardar shaidar koyarwa a wuri guda tun daga ranar da ya fara shiga aji.